Tafarkin Dao: Abin da Ake Yaɗawa da Abin da Masu Bincike Suka Tono

Da wuya a samu mai bin shafukan kalaman hikima a Facebook ko WhatsApp wanda bai taɓa cin karo da sunan Lao Tzu ba, tsohon masanin ƙasar Sin wanda yanzu aka fi rubutawa Laozi. Za a sa zanen wani tsoho mai farin gemu bisa bijimi, a danƙara magana a ƙasa, jama'a su yi ta turawa. Wasu maganganun suna da asali, domin suna cikin littafin da ake jingina masa. Wadda ke cewa doguwar tafiya daga ƙarƙashin ƙafa take farawa tana babi na 64. Wasu kuwa ƙanzon kurege ne. Batun koya wa mutum kamun kifi maimakon a ba shi kifi babu shi a littafin, haka ma wadda ke cewa mai baƙin ciki a jiya yake rayuwa, mai fargaba kuma a gobe. Wani ne ya ƙirƙira, ya liƙa wa tsohon don maganar ta yi nauyi.

Matsalar ta fi ƙarfin maganganun jabu. Abin da duniya ta sani a matsayin tafarkin Dao, wato ka saki jiki, ka daina kokawa da rayuwa, ka bi ruwa inda ya nufa, ɗan yanki ne da aka gutsuro daga wani abu mai girman gaske, kuma an san waɗanda suka gutsuro shi da dalilinsu. A cikin shekara ɗari da suka wuce, masu bincike a Faransa da Japan da Sin da Amurka sun birkita kusan duk abin da aka ɗauka tabbatacce a kan wannan al'ada. A ganina, mai son yin maganar amfanin Dao ga rayuwar yau sai ya fara bi ta kan aikinsu. In ya ƙi, ra'ayin kansa zai faɗa ya ce na Laozi ne.

Littafin da mai littafin

Littafin da ake magana a kansa shi ne Daodejing. Ɗan ƙarami ne, baƙaƙen Sinanci kimanin 5,000 a babi 81, mutum zai iya karance shi tsakanin Azahar da La'asar. Dao na nufin hanya, kuma littafin ya buɗe da cewa hanyar da za a iya bayyanawa da baki ba ita ce dawwamammiyar hanya ba. Daga nan sai gajerun maganganu masu kama da karin magana: ruwa ya fi komai taushi amma shi ke cin dutse, amfanin tukunya yana cikin ramin da babu komai, wanda ya san ya ishe shi shi ne mawadaci.

Tarihin Laozi mafi tsufa da ake da shi na Sima Qian ne, babban marubucin tarihin daular Han, wanda ya yi aikinsa wajen shekara ta 100 kafin Miladiyya. Ya ce Laozi mai kula da taskar takardu ne a fadar daular Zhou, Konfushiyas, babban malamin ɗa'a na Sin, ma ya taɓa zuwa wurinsa neman sani. Da ya ga daula ta kama hanyar lalacewa sai ya nufi yamma, mai tsaron ƙofar kan iyaka ya roƙe shi ya bar wani abu a rubuce, ya rubuta littafin ya wuce, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Labari mai daɗi. Sai dai shi kansa Sima Qian a wannan babin ya kawo sunayen wasu mutum biyu da ake cewa wataƙila su ne Laozi, ya ƙara da cewa wasu na faɗin ya yi shekara 160, wasu 200. Tun sama da shekara dubu biyu ke nan, mutumin ya riga ya shige cikin hazo.

Yadda Turawa suka raba abu biyu

Limaman Katolika na ƙungiyar Jesuwit ne suka fara kai littafin Turai. An gabatar da wata fassararsu ta Latin a Landan a 1788, kuma abin da suke nema a ciki shi ne alamun addininsu. A 1823 wani masanin Faransa, Abel-Rémusat, ya kai ga cewa wasu baƙaƙe uku a babi na 14 sunan Ubangiji ne na Ibrananci aka ɓoye. Cikakkiyar fassarar Faransanci ta Stanislas Julien ta fito a 1842, ta James Legge kuma a Ingilishi a 1891. Legge ɗan mishan ne daga Sukotlan da ya daɗe a Hong Kong kafin ya zama farfesan Sinanci na farko a Oksfod.

Irin su Legge ne suka kafa ra'ayin da har yau bai mutu ba: wai akwai Dao na falsafa, mai tsabta, na Laozi da Zhuangzi, wani tsohon masanin da shi ma ake jingina wa littafi mai sunansa, sannan akwai Dao na addini, wanda suka ɗauka tarin camfi da tsibbu ne da ya biyo baya ya ɓata asali. Ba su kaɗai suka ƙera wannan ba. Masu ilimin da suka koya musu Sinanci almajiran Konfushiyas ne, waɗanda dama can suna yi wa malaman ibadar karkara kallon raini. Ɗan mishan yana neman hujjar cewa addinin mutanen nan ya lalace, malamin fada yana da tsohon raininsa, sai buƙata ta zo ɗaya. Sakamakon ya yi kama da a ce baƙo ya karanta waƙar zuhudu guda ɗaya, ya ce ya gama sanin Musulunci, masallatai da fiƙihu da zawiyoyi kuwa duk ƙari ne da jahilai suka yi.

Abin da ya fara karya wannan ra'ayi aikin ɗab'i ne. Mabiya Dao suna da babban kundin littattafai da ake kira Daozang, wanda aka buga a zamanin daular Ming a 1445, aka yi masa ƙari a 1607. Littattafai kusan 1,500 ne a ciki: addu'o'i, ƙa'idojin ibada, dokokin ɗa'a, magunguna, tarihin waliyyansu, taswirar duwatsu masu tsarki, hanyoyin sarrafa numfashi. Kwafinsa kaɗan ne suka tsira, a kulle a wuraren ibada. Tsakanin 1923 da 1926 aka sake buga shi a Shanghai, aka sayar wa ɗakunan karatu na duniya. Nan aka yi walƙiya. Henri Maspero a Faris ya duƙufa a kansa har lokacin da 'yan Nazi suka kama shi, ya mutu a sansanin Buchenwald a 1945, sai bayan mutuwarsa aka buga yawancin rubuce-rubucensa a kan Dao. A Sin, Chen Guofu ya fitar da nazarin asalin kundin a 1949. Masanan Japan suka kafa ƙungiyar nazarin Dao a 1950. Taron ƙasa da ƙasa na farko a kan fannin an yi shi a Bellagio ta Italiya a 1968.

Wanda labarinsa ya fi jan hankalina shi ne Kristofer Schipper, ɗan ƙasar Holan da ya yi karatu a Faris. Ya tafi Taiwan a farkon shekarun 1960, ya tarar da abin da littattafan Turai suka ce ya mutu yana nan da ransa a birnin Tainan. Akwai gidajen da suka gaji aikin jagorancin ibada kaka da kakanni, suna da littattafan da suka kwafa da hannu suna ɓoyewa. Ya zauna a hannunsu yana koyo har aka naɗa shi malamin ibada a 1968. Da ya gwada takardunsu da na cikin kundin 1445, sai ya ga wasu lafuzzan da ake rerawa a gabansa sun yi sama da shekara dubu ana rera su. Daga baya ya jagoranci masana da dama a aikin tantance kowane littafi na kundin, aikin da aka faro a shekarun 1970 bai fito ba sai 2004, cikin mujalladi uku.

To mene ne suka gano? Sun gano addini mai tsari, wanda ake lissafa farkonsa daga shekara ta 142 Miladiyya, lokacin da wani mai suna Zhang Daoling a yankin Sichuan ya ce Laozi ya bayyana gare shi a matsayin abin bauta. Mabiyansa suka raba yankinsu gunduma 24, kowane gida yana ba da mudu biyar na shinkafa a shekara, maza da mata suna riƙe muƙamin jagoranci. A wurinsu ciwo sakamakon laifi ne, don haka marar lafiya zai keɓe ya tuna laifuffukansa, a rubuta takardar tuba kwafi uku, ɗaya ga sama, ɗaya ga ƙasa, ɗaya ga ruwa. Mai ƙaramin laifi kaffararsa gyaran hanya. Sun gina masaukai a bakin hanya inda matafiyi zai ci abinci kyauta. Abin da zai ba mai kiransu matsafa mamaki shi ne sun haramta yanka dabba don bauta, suna cewa abin bauta na gaskiya ba ya ci ba ya sha. Ibadarsu ta fi kama da aikin ofis: a rubuta takardar koke da tsarin takardun fada, a buga hatimi, a ƙona ta don ta isa sama. Har yau haka ake yi. Daga baya, a ƙarni na 12, Wang Chongyang ya kafa ɗariƙar Quanzhen ta masu ƙaurace wa aure da zama a gidajen ibada, kuma almajirinsa Qiu Chuji ne ya yi doguwar tafiya ya gana da Genghis Khan a 1222. Waɗannan rassa biyu, na Zhang Daoling da na Quanzhen, su ne suka rage a Sin, inda Dao yake cikin addinai biyar da gwamnati ta amince da su, tare da Musulunci, bayan ɓarnar da aka yi wa wuraren ibada a juyin al'adu na 1966 zuwa 1976.

Abin da ya fito daga kaburbura

Bugu na biyu daga ƙarƙashin ƙasa ya zo. A 1973, a Mawangdui kusa da birnin Changsha, aka buɗe kabarin wani ɗan sarauta da aka rufe a shekara ta 168 kafin Miladiyya. Aka samu kwafi biyu na littafin Laozi a rubuce a kan alharini, kuma a dukansu rabin da muka sani a matsayin na biyu shi ne a gaba. Wannan rabin kuwa shi ne ya fi yawan maganar mulki da yaƙi da haraji. Sai kuma 1993, a Guodian ta lardin Hubei, bayan ɓarayin kabari sun riga sun yi ɓarna, masu tonon kayan tarihi suka kwashe ɗaruruwan tsinkayen gora masu rubutu daga wani kabari na wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya. A cikinsu akwai ɗauri uku na maganganun Laozi, waɗanda suka taɓo babi 31 kawai cikin 81, kuma jerinsu bai yi kama da na littafin yau ba ko kaɗan.

Wani wuri guda ya tayar da ƙura. A littafin da aka gada, babi na 19 yana cewa a yar da jinƙai da adalci, waɗanda su ne ginshiƙan koyarwar Konfushiyas, kuma an daɗe ana kafa hujja da shi cewa makarantun biyu abokan gaba ne tun fil azal. A gorar Guodian wannan suka babu ita. Abin da aka ce a yar a wurin ya shafi wayo da gardama da riya. Ƙari a kan haka, a kabari ɗaya aka same su tare da rubuce-rubucen almajiran Konfushiyas, alamar mutum ɗaya yana karanta duka biyun ba tare da ya ga saɓani ba. Yawancin masana yanzu suna kallon Daodejing a matsayin tarin maganganu da aka yi ta tarawa ana gyarawa tsawon zamani, har ya daidaita. Sunan "makarantar Dao" ma mahaifin Sima Qian ne ya fara amfani da shi don rarraba littattafai, bayan marubutan sun daɗe da mutuwa.

Rashin yi, da wanda aka yi wa maganar

Yanzu ga tambayar da ta fi damun mai karatu: ina amfanin wannan a yau? Mu fara da koyarwar da ta fi shahara, wuwei, wadda ake fassarawa da rashin yi ko rashin tilastawa. Littattafan gyaran hali na Amurka da Turai, waɗanda wasunsu marubutansu ba su iya Sinanci ba kuma sun faɗa da bakinsu, suna sayar da ita a matsayin maganin gajiya da damuwa. Amma in ka duba wanda littafin yake yi wa magana, sau da yawa sarki ne. Babi na 75 ya ce talakawa na yunwa ne saboda na sama sun cinye haraji da yawa. Babi na 60 ya ce mulkin babbar ƙasa kamar dafa ƙaramin kifi ne, in ka cika juyawa ya dagargaje. Shugaban Amurka Ronald Reagan ya kawo wannan maganar a jawabinsa ga majalisa a 1988 don kare ra'ayinsa na rage hannun gwamnati a kasuwa.

An taɓa gwada abin a aikace. Bayan faɗuwar daular Qin, wadda ta gallabi jama'a da aikin tilas da dokoki masu tsanani, sarakunan farko na Han suka sassauta. Sima Qian ya ba da labarin waziri Cao Shen, wanda da ya hau muƙami bai sauya doka ko ɗaya ba, in wani ya zo masa da shawarar gyara sai ya cika shi da giya har ya manta abin da ya kawo shi. Harajin gona ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin 30. Bayan shekara kusan 70, in ji marubucin, hatsi yana ruɓewa a rumbunan gwamnati don yawa, igiyoyin da aka zarge kuɗi da su sun rube ba a iya ƙirgawa. Masu son wannan labari a nan suke tsayawa. Marubucin bai tsaya ba: ya ce a wannan sakacin ne masu kuɗi suka yi ƙarfi suka rinƙa haɗiye na ƙasa da su.

Akwai kuma wuraren da ba a sawa a hoton Facebook. Babi na 3 ya ce mai mulki nagari yana wofintar da zukatan jama'a ya cika cikinsu, ya bar su babu sani babu buri. Babi na 65 ya ce magabata ba su wayar da kan talakawa ba, sun bar su a duhu. Sharhi mafi tsufa da ake da shi a kan littafin yana cikin rubutun Han Fei, masanin mulkin ƙarfa-ƙarfa, kuma Sima Qian a babi ɗaya ya haɗa tarihin Han Fei da na Laozi. Ana iya yi wa waɗannan wurare tawili, an kuma yi, amma wanda ya ɓoye su ya ha'inci mai karatu.

Duk da haka, ƙorafin da littafin yake yi a kan haɗama da tseren da ba shi da ƙarshe yana da masu saurare a Sin ta yau. Ma'aikatan kamfanonin fasaha sun daɗe suna kuka da tsarin da suke kira 996, wato aiki daga tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako. A 2021 wata magana ta bazu tsakanin matasa, tang ping, ma'ana a miƙe a kwanta: ba sayen gida, ba neman ƙarin girma, a yi aikin da zai ciyar kawai. Kafofin gwamnati suka yi ca a kai. A watan Agustan shekarar kotun ƙolin ƙasar ta bayyana cewa tsarin 996 ya saɓa wa doka. Masu sharhi da yawa sun ga inuwar Zhuangzi a wannan bore na kwanciya, mutumin da aka ce ya ƙi muƙamin fada yana cewa gara masa ya zama kunkuru mai jan wutsiya cikin taɓo da ya zama ƙoƙon kunkurun da aka adana a fada.

Mahauci da mai lambu

Zhuangzi shi ne littafi na biyu, mai babi 33, kuma ni ya fi mini na farko daɗi nesa ba kusa ba. Labarai ne da barkwanci da gardama. Wanda ya fi amfani ga batunmu shi ne na mahauci Ding, wanda wani basarake ya tsaya yana kallon yadda yake feɗe sa. Hannu ya dafa, kafaɗa ta jingina, gwiwa ta danna, wuƙa tana shiga nama yana zubewa kamar ana bin kiɗa. Basarake ya yaba. Ding ya ajiye wuƙa ya ce lokacin da ya fara sana'ar, san gaba ɗaya yake gani. Bayan shekara uku ya daina ganinsa a dunƙule. Yanzu yana bin ramukan da ke tsakanin gaɓoɓi ne, ba ya taɓa jijiya balle ƙashi. Mahauci na kirki, in ji shi, yana sauya wuƙa shekara-shekara domin yana yanka, na banza wata-wata domin yana sara. Tasa ta yi shekara 19, ta feɗe dubban shanu, kaifinta kamar yau aka wasa.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun so wannan labari. Mihaly Csikszentmihalyi, wanda ya yi suna da binciken yanayin da mutum ke nutsewa cikin aiki har ya manta da kansa, ya kawo shi, Edward Slingerland kuma ya gina nazari a kan sarƙaƙiyar da ke ciki: ta yaya mutum zai yi ƙoƙarin daina ƙoƙari? Amma sashen da aka fi tsallakewa shi ne ƙarshen maganar Ding. Ya ce duk da haka, in ya iso wurin da gaɓoɓi suka cakuɗe, sai ya ga wuyar, ya tattara hankalinsa, ya kafa ido, ya rage sauri, ya motsa wuƙar kaɗan-kaɗan har wurin ya rabu. Sauƙin da basarake ya gani a bayan shekarun horo yake, kuma gwanin bai daina taka-tsantsan ba. Wanda ya karanta wannan ya fito da darasin "ka saki jiki kawai" bai kai ƙarshen shafin ba.

Akwai kuma labarin tsoho mai lambu, wanda almajirin Konfushiyas ya tarar yana sauka rijiya da tulu yana hawowa yana ban ruwa, wahala da yawa aiki kaɗan. Ya ba shi shawarar ya kafa jigo, irin wanda masu noman rani suka sani, ya shayar da fangali ɗari a yini. Tsohon ya fusata, sannan ya yi dariya ya ce ya san jigo sarai, amma mai na'ura yana da harkokin na'ura, mai harkokin na'ura kuwa zuciyarsa ta zama ta na'ura. Masu sukar wayar hannu da intanet sun sami abin kafa hujja a nan. Sai dai labarin bai ƙare a bakin tsohon ba. Da aka kai wa Konfushiyas, sai ya ce mutumin ya san ɗaya bai san biyu ba. Littafin ya bar gardamar a buɗe, kuma haka ɗabi'arsa take.

Magani da guba daga hannu ɗaya

Inda tsohon rubutun Dao ya taɓa rayuwarmu kai tsaye shi ne zazzaɓin cizon sauro. Ge Hong, wanda ya rayu daga 283 zuwa 343, babban malamin Dao ne mai neman maganin dawwama, ya kuma tara wani ɗan littafin magungunan gaggawa. A ciki ya rubuta cewa mai zazzaɓin da ke zuwa yana komawa ya samu danƙi ɗaya na ganyen qinghao, dangin tazargade, ya jiƙa a ruwa, ya matse ya shanye. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shirin sirri na neman maganin zazzaɓin, saboda yana kashe sojojin Biyetnam ta Arewa kuma tsofaffin magunguna sun daina ci. Tu Youyou ta shiga aikin a 1969. Ita da abokan aikinta sun tara girke-girken gargajiya sama da 2,000, sun gwada ganyen, sakamako ya ƙi tsayawa. Da ta koma ga lafazin Ge Hong sai ta lura bai ce a dafa ba. Ta yi zargin zafi ne ke kashe sinadarin, ta sauya zuwa hanyar tatsa marar zafi, a 1971 aka dace. Ta gwada a jikinta kafin a ba marasa lafiya. Sinadarin artemisinin ke nan, tushen magungunan haɗin da ake ba mai zazzaɓi a asibitocin Kano da Zinder da Tamale, kuma shi ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Nijeriya kaɗai tana ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya.

A lura da abin da ya faru a nan. Cikin dubban girke-girke, ɗaya ne ya tsallake gwaji, kuma ɗakin bincike ne ya tace shi ya auna shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a dogara da shan jiƙon ganyen a madadin maganin ba. Shi kuma Ge Hong ɗin nan ya yi imani cewa haɗin zinariya da jan dutsen da ake tatso zaiba daga cikinsa zai hana mutuwa. Sarakuna da dama na daular Tang irin wannan haɗin ne ya yi ajalinsu. Wani littafin masu wannan sana'a na ƙarni na 9 ya gargaɗi almajirai cewa wasu sun haɗa farar wuta da wani gishirin ƙasa da zuma, wuta ta tashi ta ƙona musu hannu da fuska da gida. Ana lissafa wannan gargaɗi cikin ambato mafi tsufa na albarushi. Joseph Needham na Kambirij ya ɗauki irin waɗannan misalai ya ce Dao ne uwar kimiyyar Sin, Nathan Sivin kuma ya nuna masa cewa ana liƙa sunan Dao ga duk abin da ba na Konfushiyas ba, har sunan ya rasa ma'ana.

Motsa jikin taiji ma haka. Almara ta ce wani waliyyin Dao ne ya ƙirƙiro shi a dutsen Wudang, masu tarihi kuwa sun bi sawunsa zuwa ƙauyen dangin Chen a lardin Henan a ƙarni na 17. Gwaje-gwajen asibiti sun nuna yana taimaka wa tsofaffi wajen daidaita tsayuwa da rage faɗuwa, kuma wannan amfani bai dogara da almarar ba.

A batun muhalli an fi yin zuzutawa. Gaskiya ne akwai wani jerin dokoki 180 na malaman Dao, mai sama da shekara 1,500, wanda ya hana ƙona daji, sare itace ba dalili, zuba guba a rafi da tayar da tsuntsaye daga sheƙa. An yi babban taro a kan Dao da muhalli a Jami'ar Harvard a 1998. Amma masana tarihin muhalli irin su Mark Elvin sun nuna cewa a tsawon ƙarnonin da ake rera waƙoƙin son duwatsu da koguna, ana nan ana share dazuzzukan Sin, giwayen da a da suke har arewacin ƙasar aka kora su zuwa ƙuryar kudu maso yamma. Dokar da aka rubuta wa malaman ibada ba ta tsayar da gatarin manomi da na sarki ba.

Saura tambayar da Musulmi mai karatu zai yi, ko akwai dangantaka tsakanin wannan da tasawwufi. Masanin Japan Toshihiko Izutsu, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Japananci, ya rubuta babban nazari yana gwada Ibn Arabi da Laozi da Zhuangzi, ya ga kamanni a yadda suke maganar haƙiƙar da harshe ba ya iya kamawa da kuma mutumin da ya kuɓuta daga son zuciyarsa. Tun kafin shi, malaman Musulmin Sin irin su Wang Daiyu da Liu Zhi, a ƙarni na 17 da farkon na 18, sun karanta littattafan Konfushiyas da na Buddha da na Dao, suka ari kalmominsu don bayyana tauhidi da Sinanci, suna kuma sukar abin da suka ga ya kauce. Kamannin yana da iyaka bayyananniya. Dao na Daodejing ba ya umarni, ba ya hani, ba ya aiko manzo, ba ya yi wa kowa hisabi. Babi na 5 ya ce sama da ƙasa ba su da jinƙai, suna ɗaukar halittu kamar karnukan ciyawa, waɗanda ake saƙawa don biki, a girmama su ranar, a tattake su washegari.